Yadda Za Ka Zama Masanin Furanni a Bakin Komadugu

Aji huɗu kawai na yi a lakkol, amma na ga yadda Mushe (wato Malam) Muhsinu na proje, aikin nan na masu bincike, ya yi a garinmu a 1998, kuma na riƙe. Bi matakan nan, kafin tattasai ya bushe a shanya sunanka ya shiga takardun Yamai.

1. Zo da mota

Fara, mai tuta a ƙofa. Wanda ya zo da ƙafa jahili ne, ko da ya san kowace ciyawa daga Diffa har Baruwa.

2. Nemi tsohuwa

Kar ka sha rana a banza. A garinmu kakata ce, Ya Gaji. Ita ta san inda wani ɗan fure shuɗi yake, gindi bakwai kacal, a gangaren da ruwa ke bari in ya janye. Da ganyensa take wanke wa mata ido in yaji ya kumbura shi lokacin dakan tattasai.

3. Tumɓuke duka

Za ta ce, "Ɗana, ganye ake tsinka, ba a taɓa saiwa." Yi mata murmushi ka ce, "Iya, ilimi da saiwarsa yake so." Ɗaya na Yamai, biyu na Faransa, sauran ko da gara ta yi ɓarna. Mai hankali ba ya barin rabo a ƙasa.

4. Danne

Jarida, kwali, igiya. Fure ba ya daraja sai ya mutu ya yi lebur.

5. Cika takarda

Rana, wuri, lamba. Wanda ya gano shi: kai. In layi ya rage, sa sunan direba.

6. Dawo baɗi

Ba za ka tarar da ko tsiro ba. Rubuta cewa ya ɓace saboda sakacin mutanen ƙauye. Wannan ma wani proje ne.

Abin da ya biyo baya kuwa, ba ruwana. Bana idon innata Falmata ya kwana tara a kumbure, Ya Gaji ta sauka gangaren sau uku ta dawo hannu wofi. Ta ce mini, "Ƴar nan, ke da kika iya biro, tambayi Mushe Muhsinu ko za a ara mana ganye biyu daga takardar tasa." To, ga shi na tambaya a wannan rubutun.