Ranar da Na Zuba wa Kwamfutar Farfesa Tsutsa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na tsaya kare furojet ɗina na ajin ƙarshe a jami'a, can Kafin Hausa.

Batun da aka ba ni shi ne ire-iren miyagun manhajoji da ɓarnar da suke yi wa kwamfuta. Da yawa daga cikin 'yan ajinmu intanet suka shiga suka kwaso bayani suka jera. Ni kuwa na rantse ba haka zan yi ba (Inna ta ce wannan taurin kai a dangin Baba na kwaso shi, shi kuma Baba ya ce a nono na sha). Na ce sai na kamo bairos, wato cutar kwamfuta, da hannuna, irin wanda ke yawo a garuruwanmu.

Na sayi filash biyu iri ɗaya, ɗaya na ajiyar aikina, ɗaya na farauta. A cikin na farautar na zuba tsohon kwafin foldar aikina a matsayin tarko, sannan na shafa masa jan farce don kada in rikita su. Na bi shagunan buga takardu na Kafin Hausa, na hau mota zuwa Taura, na dangana da Dutse, ina roƙon a bar ni in soka shi a kwamfuta. Wani mai shago ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, kowa magani yake zuwa nema, ke cuta kika zo roƙo?" Ban fasa ba. Da na je hutu gida Miga na yi wa Baba bayani, ya ce, "To, Uwata, mu muna fama mu raba gero da ƙwari, ke kuma ƙwarin kike tarawa a jaka. Allah ya ba da sa'a."

Kamu ya yi kyau. Na samo mai cika wa mutum fuskar kwamfuta da talla. Na samo wanda ke zuwa da sunan manhajar kyauta alhali ɓarawo ne, da mai naɗe duk abin da ka danna, har lambar sirrinka. Mai garkuwa da fayiloli ne kawai ban samu ba, kuma wallahi har haushi na ji. Amma abin alfaharina shi ne wata tsutsa: tana ɓoye foldojin mutum ta ajiye na bogi masu 'yar kibiya a gindi, kana danna ɗaya ta shige kwamfutar, ta zauna jiran duk abin da za a soka. A wata tsohuwar laftof ta yayana, wadda ba ta hawa intanet, nake gwada su.

Ranar karewa na saka filash biyun a jaka, don ina so in ɗaga na farautar in nuna wa malamai, kamar maharbi da fatar kura. Ni ce ta farko. Laftof ɗin sashenmu ta ƙi haɗuwa da majigi, sai Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a don ya duba mu, wani dattijo mai sanyin murya, ya turo tasa.

"Yi amfani da tawa, 'yata, kada mu ɓata lokaci."

Na laluba jaka, na tarar murafen duk sun sulluɓe. Na mayar da su a gurguje, na zaro wanda ba ja ba, na soka, na danna foldar aikina. Shafin farko ya fito a bango ɓaro-ɓaro, a ƙasansa an rubuta da manyan baƙaƙe: A GYARA NAN KAFIN MALAM YA GANI. Aji ya kwashe da dariya. Malam ɗin da ake nufi, mai duba aikina, yana zaune a gaba. Ni kuwa ba dariyar ce ta dame ni ba. Wannan tsohon kwafi ne, kuma wuri ɗaya tak yake a duniya: filash ɗin farauta. A murfi na shafa jan farcen, ban shafa a jikin filash ɗin ba.

Shaiɗan ya raɗa min in yi shiru. Na kuwa yi. Na gama bayanina tsaf da tsohon kwafi, har ina kaɗa yatsa ina gargaɗin jama'a kada su danna folda mai kibiya. Na juya zan zauna ke nan sai na ga Nura, wanda ke bi na, ya nufo tebur da filash ɗinsa, aikin shekara guda a ciki.

"Nura, kar ka soka!"

Ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Kowa ya juyo ya dube ni.

"Lafiya?" in ji Malam.

"Malam... ranka ya daɗe, Farfesa... tsutsar da na gama bayani yanzu, tana cikin kwamfutarka. Ni na sa ta."

Farfesa ya jawo laftof ɗin, ya buɗe ma'ajiyar da ke maƙale a gefenta, inda littafin da ya daɗe yana rubutawa yake. Majigi na kunne, don haka duk ajin muka gani tare: folda bayan folda, kowacce da 'yar kibiyarta. Ya cire tabarau ya ce, "Innalillahi." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na ba ta tukuici.

Amma na ce a raina, ni na kawo ta, ni zan fitar da ita. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta gogewa, ɓoyewa take yi. A ba ni dama."

"A gaban kowa," in ji Malam. Ba tambaya ba ce.

Mayafina na zamewa, na tsayar da tsutsar, na bi ta inda take laɓewa na tumɓuke ta, sannan na cire wa foldojin lulluɓi. Sau biyu ina kuskuren rubuta umarni, duk a bango, wani daga baya yana gyara min harafi. Da littafin ya bayyana, Farfesa ya buɗe shi ya bi har shafin ƙarshe, sannan ya mayar da tabaransa.

"Na daɗe ina duba ɗalibai," ya ce, "ban taɓa ganin wadda ta kawo misali da ransa ba."

Sauran ɗalibai sai da aka aro musu wata laftof. Ni kuma na wuni a ofishin sashe ina wanke ta Farfesa, ban bari ta tafi ba sai da na tabbatar ba sauran komai. Na ci jarrabawar, ba da irin makin da na yi mafarki ba. Sunan Hajiya Annoba kuwa ya bi ni har bikin yaye mu.

Abin da na koya shi ne, sanin sunan kowace cuta ba ya hana mutum zama mai rarraba ta. Kuma in dai kin san kina ɗauke da ita, faɗi tun kafin ki fara wa'azi, domin bayan wa'azin kunyar ninki biyu ce.