Yadda Rigata Ta Zama Aikin Gwamnati

Jama'a, jiya Talata da rana tsaka aka kama ni ina satar rigata. Ba ta wani ba, tawa, wadda na saya da gumina. Waɗanda suka kama ni kuma ba ƙananan mutane ba ne, da motoci shida suka zo, har da jiniya. Ku gyara zama in fesa muku, don in na bar maganar nan a cikina sai ta zame mini ciwo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na tsinto rigar a cikin dilar gwanjo a kasuwar Kura. Irin mai kaurin nan ce mai laushi, mai dogon hannu, ja da baƙi kamar gidan dara, wadda 'yan gwanjo ke kira fulanel. Wanda bai taɓa shiga ban ruwan albasa da sanyin safiya ba, ba zai san darajarta ba. Ni ƙirjina ba ya shiri da sanyi, in na shiga ruwa ba ita sai in kwana uku ina tari. Ta yi yankan shinkafa, ƙaiƙayi bai ratsa ta ba. Matata Saude ta wanke ta har sabulu ya gaji, ko maɓalli ɗaya bai faɗi ba. Ina son rigar nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

To, a bakin gonakinmu, tsakanin Kura da Bunkure, akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe da ke tare ruwa ta juyo mana shi. Shekara huɗu gindinta na yoyo. Mun rubuta takarda mun kai wa manya, aka ce a sake rubutawa da manyan baƙi. Muka sake, aka ce mai karɓa ya tafi kwas. Makonni uku da suka wuce ramin ya wangame baki, ruwanmu ya miƙe ya nufi kwari, albasar mutum tara ta fara sunkuyar da kai. Muka cusa buhu, ruwa ya tafi da shi. Muka cusa ciyawa da laka, ya haɗiye. Sai jarumta ta hau kaina ba shiri, na tuɓe rigata na dunƙule na danna a ramin. Ɗif, yoyo ya tsaya.

Maƙwabcina Datti ya rungume ni har da ƙwalla. "Malam Hashimu, ka ceci unguwa! Riga kuwa ai kasuwa cike take da ita."

Na yarda da shi, kuma a nan wautata take. Washegari na je wurin Iliyasu mai gwanjo na kwatanta masa abin da nake so. Ya dube ni kamar na tambaye shi ƙwan jimina.

"Baba, irin waccan ai sai dai labari. Yanzu kafin dila ta sauka 'yan gayun birni sun tsince masu kyan. Amma ga sabuwa dal, kamfani ɗaya ne."

Ya faɗi kuɗinta, na nemi benci na zauna. Muka yi ta ja har ya rage abin da bai kai na shayi ba, na saya. Wankin farko ta yi zuba. Saude ta haɗa ta da fararen kayana, ranar Juma'a na je masallaci da riga kalar zoɓo, har liman ya tsaya yana tambayata ko lafiya. A wanki na biyu hannunta ya tsuke ya koma gwiwar hannu. Na tafi Garun Mallam, na samo wata a bakin titi da mai ita ya rantse ko saniya ta ja ba za ta yage ba. Na sunkuya zan ɗauki fartanya ta tsage tun daga wuya har ƙugu. Na je Madobi, wadda na gani a can kana iya hango rana ta cikinta. Duk wannan yawo ina tari, Saude na dafa mini citta da kanumfari tana yi mini kallon da ya fi tarin ciwo.

"Maigida," in ji ta, "maza tara a wurin, kowa da riga a jikinsa, taka ce kawai ta iya iyo?"

Shi ne jiya na yanke shawara. Na tattara tsummokara da tsohuwar tabarmar roba, na ce zan zare rigata in maye gurbinta da su. Na zaɓi tsakar rana lokacin da kowa ke gindin bishiya. Na shiga ruwa har ƙugu, na laluba na kamo hannun rigar, na fara ja a hankali ina ba ta haƙuri. Sai jiniya.

Ashe ranar ce Mai Girma Babban Mai Duba Ayyukan da Aka Gama ya zaɓa don ƙaddamar da gyaran ƙofarmu. Wane gyara? Ni ma abin da na tambayi kaina ke nan. Kafin in fito, an kafa allo wanda ya fi ƙofar girma sau uku, an ɗaura ƙyalle, an ba Mai Girma almakashi a kan faranti. Allah ya ƙara musu lafiya, ban taɓa ganin aiki da sauri haka ba.

"Kai! Me kake yi wa aikin gwamnati?" wani mai baƙin tabarau ya daka mini tsawa.

"Ranka ya daɗe, rigata zan ɗauka."

Wani injiniya mai farin takalmi, wanda ya tsaya nesa da laka, ya yi murmushin tausayi. Ya bayyana wa Mai Girma cewa abin da nake riƙe da shi sabuwar fasahar toshiya ce ta ƙasar waje, ja da baƙin kuma alamar inganci ce, don ƙwararru su gane ta daga nesa. Mai Girma ya gyaɗa kai, ya ce shi ma ya taɓa ganin irinta a wata tafiya.

"Yallaɓai, wallahi riga ce. Ga maɓalli nan. Akwai ɓarin goro a aljihun hagu."

"Ina rasit?" in ji mai tabarau.

Rasit a gwanjo! Na waiga neman shaida, sai ga Datti da sauran mutanenmu sun taru a kan gaɓa. Raina ya yi sanyi, na ce, "Datti, gaya musu ta waye."

Datti ya dubi rigar, ya dubi albasarsa da ta miƙe kore shar, ya dubi sama. "Ranka ya daɗe, ni dai tun da nake ban taɓa ganin Malam Hashimu da riga irin wannan ba. Kwanan nan ma kalar zoɓo yake sawa."

Sauran mutum bakwai suka gyaɗa kai tare. Shekara talatin muna cin tuwo a kwano ɗaya da Datti, kuma gaskiya abin ya yi mini zafi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da ni ne a kan gaɓar da albasata a baya, ban san me zan ce ba.

Aka yi mini afuwa albarkacin furfurata, bisa sharaɗin in mayar da hannun fasahar yadda na same shi. Na mayar da shi da hannuna, ina tari. Aka yanka ƙyalle, aka yi tafi, mai hoto ya ce in matsa ina ɓata musu hoto. Mai fenti ya bi ƙofar da shuɗi, har da wuyan rigar da ya leƙo. In ina da ƙorafi, an ce in rubuto takarda kwafi uku.

A jawabinsa Mai Girma ya yi albishir cewa tunda fasahar ta yi nasara, za a yi irin wannan gyara a wasu ƙofofi goma sha bakwai kafin damina. Ni ban ƙi ba, talaka ai ba ya jayayya da ci gaba. Roƙona ɗaya ne ga masu girma: in Allah ya sa sun gano inda ake sayar da goma sha bakwai masu ƙarkon tawa, su daure su sayi goma sha takwas.