Yabon da Ya Kusa Jawo wa Malam Isufu Kora

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Turancina ya kusa raba bawan Allah da abincinsa ba.

Lokacin ina sabon zuwa Jidda, ina aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Abokan aikina yawanci 'yan Nijar ne da 'yan Cadi, Larabci da Faransanci suka iya, sai na zama gwanin Turancin wurin (ni da na sha da ƙyar a jarrabawar sakandare, amma wa zai tona?).

Sai aka ce za a rage ma'aikata. Sabon manaja, wani Ba'indiye mai furfura, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda aka sallama iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta shiga garari. Malam Isufu, dattijo ɗan Damagaram da ke riga kowa zuwa aiki, ya ja ni gefe.

"Ɗana, raka ni. Ka gaya masa ina aiki tuƙuru."

"Halas, Malam, ka bar mini."

Na san "hard" tuƙuru ne. Na kuma tuna an koya mana cewa kalmar da ke bayyana yadda aka yi abu takan ɗauki "ly" a ƙarshe. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Sir, this man hardly works." Har da ƙarawa, "Hardly!" Malam Isufu yana gefe yana gyaɗa kai, yana murmushi.

Manajan ya cire tabarau, ya tambayi Malam Isufu da Larabci (ban san yana ji ba): "Abokinka ya ce da ƙyar kake taɓa aiki. Haka ne?"

Kallon da dattijon nan ya yi mini, har yau ina jin sa a jikina. Na shiga rantse-rantse da harsuna uku.

Sai manajan ya fashe da dariya. Ashe ya taɓa koyarwa a ƙasarsu. Ya ce a can zamanin da, Turawa kan ce "hardly" da nufin "da ƙarfi" ko "da wahala", daga nan ta gangaro ta koma "da ƙyar".

"Turancinka daidai ne," in ji shi, "ka dai makara da 'yan ƙarnuka."

Dama ya riga ya ga aikin Malam Isufu da idonsa. Bai sallame shi ba, daga baya ma shi ya ɗora a kan masu lodi. Ni kuwa na lallaɓa unguwar Bagdadiyya na shiga ajin Turanci.

Na dai gane rabin sani ya fi jahilci haɗari: jahili yakan tambaya, mai rabin sani kuwa tafinta yake zama.