Yadda Za Ka Je Kallon Ƙwallon Mata a Abuja Ba Tare da Gummi Ta Sani Ba

Kai da kake rage muryar rediyo duk lokacin da mai sharhi ya ce 'yan matan Najeriya sun shigo fili, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka je ka dawo da hularka a kanka, wurinka na sahun gaba a masallaci yana jiranka. An gwada su a kan Ɗantani tela na bakin kasuwar Gummi, shekarar da aka buɗe sabon filin wasa na Abuja, kuma har yau yana da rai.

1. Fara da tsine wa abin

A majalisa, kada kowa ya fi ka ɗaga murya. Ɗantani yakan dafe kai ya ce, "Subhanallahi! Mata da gajeren wando suna guje-guje gaban jama'a?" Dattawa su gyaɗa kai. Amma ka san inda za ka tsaya. Ran nan ya zarce: "Balle mai lamba goma, wadda ka bugu da hagu..." Sai da ya ƙirƙiro tari.

2. Nemi ciwon da ba a gani

Kada ka ce ta'aziyya za ka. Mutanen Gummi sun san duk wanda ya rasu daga nan har Ikko, da abin da ya ci kafin ya cika. Ɗauki ciwon ido. Ɗantani ya sayi baƙin tabarau, ya ɗinka wa wani aljihu a gadon baya, ya ce sai likitan Abuja.

3. Kada ka ƙware da yawa

Nan ya yi kuskure. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida turmi a tsakar gida. Mahaifiyarsa ta tafa hannu tana salati.

"Wanga yaro ba ya tahiya shi ɗai. Luba, ɗauko mayahinki, ke za ki ja mai hannu."

Luba matarsa ce.

"Inna, ai da sauƙi..."

"Sauƙi? Turmi hwa ka gaisar!"

4. A mota, ka tuna ba ka gani

Daga Anka har Gusau ya yi ƙoƙari, ko allon hanya bai karanta ba. A Funtuwa mai tsire ya miƙo masa ƙaramin tsinke, sai ya ce, "Haba malam, ga babba can bayan albasa!" Luba ta dube shi, ba ta ce komai ba. Masana tafiye-tafiye sun tabbatar cewa idan matarka ta yi shiru a mota, to ta yarda da kai. Masanan ba su da aure.

5. A bakin fili, ka dage

Za ka tarar da ganguna, da ƙahonni, da ƙarti sun shafa kore da fari har ciki. Kada ka karaya.

"Malam, wanga shi na asibitin?" in ji Luba.

"Shi na."

"Masu kiɗan hwa?"

"Majinyata na, suna ɗebe kewa."

Ta saki hannunsa. "Rediyon da kaka ɓoyewa cikin buhun ƙyalle, wa kaka zato ka sauya mai batir? Tai ka sayo tikiti biyu."

Ka sayo. A wannan matakin babu wata dabara.

6. Cikin fili, ka kame kanka

Shirin Ɗantani shi ne ya yi kallo da ido ɗaya, yana istigfari da baki. Luba kuwa ta ja mayafi har hanci, ta zauna kamar a gidan makoki. Aka busa usur. Wata siririyar yarinya ta karɓi ƙwallo ta yanka gefe da gudu, 'yan wasan baƙi su biyu suka biyo ta, ta bar su suna shaƙar ƙura. Kawai sai ya ga matarsa a tsaye.

"Ba ta! Ke, ba ta, ga ta can ita ɗai!"

Kamar an ji ta. Ƙwallo ta kwanta a raga, fili ya ɗauka. Wata Bayarabiya mai ƙatuwar ganga ta rungume Luba, suka yi ta tsalle ba wadda ke jin yaren wata. Da ta zauna, ya ga hawaye.

"Lahiya?"

"Ni ma na yi gudu hakanga, Malam. A firamare ko maza ba su cim mani." Ta share ido da bakin mayafi. "Na ɗauka ƙahwahuna sun mance."

Ga shi da ita har 'ya'ya biyu, bai taɓa jin wannan ba, don bai taɓa tambaya ba. Ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ƙwallo ta biyu da aka ci, wadda ya keto jihohi don irinta, bai ganta ba. Matarsa yake kallo.

7. Da ka dawo, bar ta ta yi bayani

Inna na jiran su a zaure. "Mi likita yac ce?"

Ɗantani ya saci kallon Luba. Kalma ɗaya ta isa ta raba shi da majalisa da masu kawo ɗinki.

"Ya ce idon lahiya lau, Inna," in ji Luba. "Abin da ag gabanai na ba ya kallo."

"Allah shi ƙara sauƙi," in ji Inna.

Bayan sati ya ɗinka ƙwallon tsumma ya kai cikin gida. Balaraba da Habsu, 'ya'yansa, suna bugawa, uwarsu na tsakiya ta ɗaure zane tamau. Bugun Luba na farko ya tarwatsa randar Inna. Tsohuwa ta fito da muciya, ta dubi ruwa na malala, ta dubi jikokinta, ta ce wa ƙaramar, "Ke kuma da anka aje ki tsaron gida, mi kika tsaro?"

Gargaɗi

Ni ba likitan ido ba ne, ban san wani Ɗantani ba, kuma ranar ina gona. Wanda ya bi matakan nan ya gano abin da bai je nema ba, kada ya biyo ta ƙofar gidana. Randa kuwa akwai masu kyau ranar kasuwar Bukkuyum. Ka sayi biyu.