Ranar da Na Cike Shirun Addu'ar Yamma

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe biyar da minti goma na yammacin wata Lahadi komai ya fara lalace mini. A lokacin ne Baba Yohanna, tsohon katikis, wato mai koyar da addini, na ƙaramin cocinmu a Dutsin-Ma, ya ɗaga mini kai alamar in fara.

Wata huɗu ke nan da shigata ƙungiyar da ke rera addu'ar yamma da harshen Latin. Ba mu kai ashirin ba, yawanci tsofaffi. Maza na gefe guda, mata na gefe guda, ana karɓa-karɓa da ayoyin Zabura. Ni ɗaliba ce daga wani ƙauye kusa da Kurfi, kuma a duk garin, a cocin nan ne kaɗai ake kiran sunana a tambayi lafiyata. Kullum a baya nake zama, ina motsa leɓe kawai.

Da Anti Rahila mai jan ɓangaren mata ta yi tafiya, sai aka ce in riƙe mata. Mako guda na yi ina haddar kowace kalma, har ina rera wa bokitin wanki.

Akwai abin da na daɗe da lura da shi: a tsakiyar kowace aya sai kowa ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan a ci gaba. Ni da wayona na yanke hukuncin numfashin tsofaffi ne ke ƙarewa. (Ban tambayi kowa ba. Tambaya ai sai an buɗe baki.) Na ƙudurta zan rufa musu asiri.

Ranar ta zo, muka fara. Na ƙura wa takarda ido, na ja aya ta farko. Da muka iso tsakiyar aya mata suka tsaya, ni kuwa na zarce ni kaɗai, muryata na yawo a ƙarƙashin kwanon rufi. Na ce a raina, bayin Allah, sun gaji tun yanzu. Aya ta gaba na ƙara murya. Maza suka karɓa, suka yi nasu shirun, har na ji tausayinsu su ma.

A Zabura ta uku Inna Talatu da ke kusa da ni ta jawo gefen zanena.

"Ke ɗiyar nan, kare ya biyo ki ne?" ta raɗa mini. "Da gangan ake tsayawa!"

Daga nan ban san abin da na rera ba. Na dai san Fada, limamin cocinmu, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na koyi cewa ba kowane giɓi ne ke jiran in cike shi ba. Amma a ranar ba darasi ne a gabana ba, tsoron kora ne. Na jira kowa ya watse, ana kiran magariba a masallacin bayanmu, na durƙusa gaban Baba Yohanna yana tattara littattafai.

"Baba, in daina zuwa ko? Kuma don Allah me ya sa ba a taɓa faɗa mini ba?"

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ki zo Lahadi, ke za ki sake ja. Shirun nan cikin addu'ar yake, ɗiyata. Tun ina saurayi nake fama da mutane su koyi rufe baki a wurin. Ke da wata huɗu ban ji muryarki ba, ina zan san ke ma sai an koya miki?"