Makin Lamidi

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar sadakar ukun abokina Lamidi ba. Yaran gidan nan in sun kama ni ina leƙen wayoyinsu sukan tambaye ni wane gem na fi so a zamaninmu. Nakan ɗaure fuska in ce mu noma muka sani. Ƙarya nake yi musu.

A tsakiyar shekarun tamanin ina koyarwa a wata firamare a Maska, saurayi ne ni mai ji da kansa, biro biyu a aljihun gaba. Kowace Juma'a in an tashi sai in nufi Funtuwa wurin Lamidi. Shi ɗan Alhaji Salawu ne, wani Bayarabe mai shagon rediyo da agogo a bakin kasuwa. A Funtuwa aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi, tsiyarsa kuwa ba a magana. Shi ya jefa ni cikin wannan shiririta, ni kuma ban yi masa gardama ba.

Mun fara da wani akwati da ake jona wa talabijin marar kala. Sanda ɗaya a dama, ɗaya a hagu, da wata ƙwallo mai kusurwa huɗu tana kai da komo. Karɓi-naka muka sa masa suna. Matsalarsa wuta, don da wasa ya yi daɗi sai a ɗauke (na sha gaya wa mutane cewa ina gab da cinye Lamidi aka ɗauke, alhali ɗaukewar ce take cetona). Akwai kuma wani babba, tsaye kamar kabad, a shagon wani Inyamuri kusa da tasha. Wasu halittu ke saukowa sahu-sahu kana harbinsu, mu kuma 'ya'yan manoma muka ce ai fari ne suka sauko wa gero, sai ya zama Harbin-fari. Ina sonsa ƙwarai, sai dai malami guda ya bi layi bayan 'yan sakandare, kowa na kallonsa, abin bai yi tsari ba.

Wanda ya tafi da raina a shekarar nan shi ne Mai-kwando. Ɗan ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, ya zo cikin kayan agogon da Alhaji ya saro daga Legas. Wani ɗan baƙin mutum ne riƙe da kwando, abubuwa na faɗowa daga sama yana tarewa. Mu dai mangwaro muka ce, Allah kaɗai ya san abin da maƙeransa suka nufa. Duk wanda ka tare ya yi "kit" a ba ka maki, in uku suka faɗi ƙasa wasa ya ƙare ya yi shiru da kansa. Ba shi da makashi, ba a rage masa murya. Kuma yana riƙe makin da ya fi kowane yawa, ka danna ya nuna maka, muddin batiransa biyu, 'yan mitsi-mitsi kamar maɓallin riga, suna ciki. Da ka cire su ya manta komai.

Alhaji Salawu ya tsani abin nan. In ya tarar da mu mun haɗa kai a bayan kanta sai ya ce, "Ƙatti da ku, kuna tara mangwaron da ba a sha." Lamidi ya ce, "Baba, ai tarihi nake kafawa." Wata ranar damina da ruwa ya hana ciniki ya zauna ya yi maki ɗari takwas da ɗoriya. Ni ban taɓa wuce ɗari uku ba. Babu wanda bai ji labarin makin nan ba a layinsu, har masu tura baro.

Da kaka ta yi, wata Asabar zan koma Maska, sai Lamidi ya cusa mini Mai-kwando a hannu. "Ticha, tafi da shi ƙauye ka yi ta fama. In ka kamo ni, wallahi ni zan zo ajinka in zauna a benci." Ranar Laraba ya hau babur zai kai wa wani rediyo Malumfashi, motar auduga ta banke shi a hanya. Labari bai iso mini ba sai bayan an rufe shi.

Ba ni da hotonsa, ba ni da ko hularsa. Na zauna a ɗakina na danna Mai-kwando, makinsa ya fito tsaf kamar yadda ya bar shi, na yi kuka sosai. Sai na ce wannan ba nawa ba ne, amana ce, gidansu ya kamata ya koma. Ranar sadakar uku na sa farar kaftani, na zura shi a aljihun gefe, na yi sammako.

Ƙofar gidan ta cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, 'yan kasuwa, Yarabawan gari, dattawan unguwa, kowa ya sunkuyar da kai. Na samu wuri na matsa tsakanin bango da wani tsoho mai sayar da taki. Liman ya ce a yi salati, aka yi, aka karanta Ƙulhuwallahu, sannan ya ɗaga hannu ya shiga addu'a. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai "amin, amin". Ƙafata ta yi sanyi, na ɗan karkata in gyara zama, aljihuna ya matsu da gwiwar tsohon nan.

Kit. Kit. Kit.

Na san abin da ya kamata in yi, kuma wannan ne yake cina har yau. In zauna kawai, mangwaro uku su faɗi, ya yi shiru. Abin da bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Amma sai na zura hannu a aljihu ina danne-danne a makance, wai in kashe abin da na san ba shi da makashi. Maimakon haka sai na shiga tare mangwaro (ina jin ban taɓa iya wasan nan kamar ranar ba), in ya mutu kuma yatsana ya sake tayar da shi. Tsohon ya juyo ya ce, "Malam, gyare ne a aljihunka?" Liman ya sassauta murya, ya ɗan dakata. Samarin layinsu Lamidi, da suka san kukan nan kamar sunansu, suka fara cusa fuska cikin riguna, kafaɗunsu na rawa.

Na fizgo abin waje, jama'a suka ga malamin makaranta riƙe da abin wasan yara a tsakiyar addu'a. Wani daga baya ya ce, "Subhanallahi, wasa ya zo yi a gidan mutuwa." Ban san sanda na sa farce na ɓalle murfin baya ba. Batiran suka zubo, ɗaya a cinyata, ɗaya ya gangara kan tabarma bai tsaya ba sai gaban Alhaji Salawu. Kukan ya tsaya. Kuma gaskiyar magana, daɗi na ji, har da ajiyar zuciya. Sai da liman ya ci gaba, na dubi gilashin Mai-kwando na ga fari fat, sannan na gane abin da na aikata.

Da aka shafa Fatiha aka fara rabon waina, na lallaɓa neman takalmana in sulale. Sai na ji muryar Alhaji: "Malam, zo." Ya shige zaure na bi shi, ina shirya haƙurin da zan bayar. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a yafe mini. Dawo da shi na zo yi, ba wasa ba."

Ya buɗe hannunsa, ga batirin, ya miƙo mini. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Na Lamidi ne ko?"

Na ce, "Nasa ne, Baba."

"Kullum yana damuna wai ya yi wata lamba a ciki da ba wanda ya kai. Ya sha kawo mini in duba, ina korarsa." Ya matso kusa. "Mayar da batirin ka nuna mini."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na mayar da su, ina fatan abin da na san ba zai yiwu ba. Na danna, sifili ya fito. Ya sunkuyo ya ƙura masa ido.

"Ita ce wannan?"

"A'a, Baba. Ta goge da na cire batirin."

"Ba ta dawowa?"

"Ba ta dawowa."

Ya daɗe yana kallon ɗan mutumin nan da kwandonsa. Sannan ya ce, "To, ita ma ta tafi ke nan." Ya ce in riƙe abin, shi ba ya son ganinsa a gidan, ya koma wurin baƙinsa. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Wautata ba ta ƙare a nan ba. Na koma Maska na ƙudura sai na yi makin nan da hannuna, in kai wa Alhaji in ce masa ta dawo (e, na yi niyyar yi wa tsoho mai makoki ƙarya, kuma a lokacin gani nake aikin lada ne). Rani guda na yi ina fama a bayan aji, babban yatsana har ya yi kanta. Ɗari huɗu ma ban kai ba. Lamidi ya fi ni yana raye, ya ci gaba da fina yana kabari. Daga ƙarshe na jefa abin a ƙasan akwati, Harbin-fari ma ban sake bi ta ƙofarsa ba, kuma in na shiga Funtuwa sai in zagaye layin shagon.

Abin da na koya ba shi da yawa. In abin kunya ya fara kuka a aljihunka cikin jama'a, ka naɗe hannu ka bari ya gama kukansa. Waɗanda suka yi mini dariya kafin azahar sun shiga wata hirar. Alhaji Salawu kuwa har ya koma ga Allah bai ga makin ɗansa ba.