Rasuwar Goggo Sannu, Sikanar Mai Zane

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu fenti bai gama fita daga farcensa ba, ni Sa'adiyya Hammawa, mai zanen littattafan yara a unguwar Yelwa, Bauchi, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar sikanata, wadda aka fi sani da Goggo Sannu. Ta rasu wata ranar Talata da hantsi, mako uku da suka wuce, a kan teburin aikinta, bayan jinyar wata huɗu.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, sikana ita ce na'urar da ake kifa wa takarda a kan gilashi, ta ɗauki hoton abin da ke jiki ta miƙa wa kwamfuta. Babu wanda ya san shekarar haihuwarta. Na same ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce a wani shagon fotokofi kusa da jami'a, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana ɗaukar takardun shaidar ɗalibai. Mai shagon ya gaya mini gaskiya, ya ce ta tsufa, ta fara ɓata kala. Ban tsaya sauraren ƙarshen maganar ba. Na ɗauko ta a keke, a kan cinyata, har gida.

Marigayiya ta kasance mai natsuwa. Ba a taɓa ganin ta yi gaggawa ba, ko da mai ɗab'i yana jira a waya. In an danna ta, sai ta yi "hmmmm" kamar dattijuwar da aka tasa daga barci, ta yi shiru, sannan fitilarta ta fara tafiya a ƙarƙashin gilashi, "ƙirrr, ƙirrr, ƙirrr," har ta kai ƙarshe ta ce "tak." Minti huɗu kowane shafi. A cikin waɗannan mintuna ne nake zama in sake kallon zanen da na ɗauka na gama, kuma a nan na gano yawancin kurakuraina. A nan na ga yarinyar da na yi wa yatsu shida. A nan na lura zakaran shafi na uku ya koma kaza a shafi na tara ba tare da wani bayani ba.

Ta kasance mai riƙon sirri. Kowane zane ita ke fara gani, tun yana zanen fensir da editata za ta duba, har in bi shi da tawada, in sa masa fentin ruwa. Ta ga jakin da na zana sau goma sha bakwai yana fitowa kamar kare, ba ta gaya wa kowa ba.

Akwai wani sirrin da ya fi wannan, wanda ya wajaba in faɗa yau, tunda hakkin mamaciya ne.

Duk wanda ya san littattafaina ya san kalar nan tasu, ja-ja mai ruwan zuma, wadda take sa kowane shafi ya yi kamar ana dab da magariba. Editata, Madam Roda, mai ƙaramin kamfanin buga littattafai a GRA, saboda kalar nan ta riƙe ni tun littafin farko. Wani malamin jami'a ya taɓa tashi a taron marubuta ya ce wannan haske ne na faɗuwar rana a ruga, wanda na taso ina gani a bayan shanun mahaifina. Aka juyo ana kallona. Na sunkuyar da kai, na gyaɗa. Ni a Gwallaga aka haife ni, cikin gari, shanun mahaifina kuwa sai da Sallah nake ganinsu. Kalar ba tawa ba ce. Fitilar Goggo Sannu ce ta tsufa, take rina duk abin da ta haska. Na sani tun makon farko. Na yi shiru shekara goma sha ɗaya, ita ma ta yi.

Ciwon ajalinta ya fara da wani siririn layi da ke ratsa tsakiyar kowane hoto, wanda nake gogewa a kwamfuta. Daga baya muryarta ta canja, "ƙirrr" ɗin ya koma "gurrr," tana tsayawa a tsakiyar shafi ta huta kafin ta ci gaba. Na kai ta wurin Paul, mai gyaran na'urori a Gwallaga. Ya buɗe ta, ya daɗe yana leƙawa, ya mayar da murfin a hankali. Ya ce an daina ƙera irin fitilarta tun kafin ya koyi sana'a, in kai ta gida in riƙa lallaɓa ta.

Muna tsakiyar littafi na goma sha biyar, labarin wata akuya da ta shiga keke ta ƙi sauka. Shafi talatin da biyu ne, ta ɗauki goma sha tara. Ranar Talatar na kifa mata na ashirin. Ta yi "hmmmm" kamar kullum, ta ɗauki kan akuyar da ƙafafunta na gaba, sai fitilar ta tsaya. Na jira "tak" ɗin, bai zo ba. Maigidana Kabiru ya cire waya ya mayar, ya bubbuga gefenta, ya hura mata iska. Da ya ga na rufe ta da ɗankwali sai ya bari.

Shafi goma sha uku suka rage, ranar kai littafi wurin ɗab'i kuma saura mako biyu. Na kai su shagon Paul aka ɗauka da sabuwar na'ura, mai gama shafi kafin mutum ya zauna. A karon farko na ga aikina yadda yake. Samaniya shuɗiya kamar bokitin roba. Ciyawa kore shar har tana sukar ido. Na tura wa Madam Roda haka, ina fatan ba za ta lura ba. Ba a yi awa ɗaya ba ta kira.

"Sa'adiyya, wa kika ba ya ƙarasa miki littafin?"

Na ce ni na zana. Ta ce ta san hannuna, wannan ba shi ba ne, kuma in har na fara ba wasu aikina ina sa sunana, gara mu rabu da mutunci. Sai na gaya mata komai, tun daga shagon fotokofi. Da na gama, cewa ta yi ranar ɗab'i ba za ta matsa ba, kuma ba za ta buga littafin da rabinsa yamma rabinsa tsakar rana ba. In nemo kalar duk inda take.

Na gwada haɗa ta a kwamfuta, shafukan suka fito kamar an zubar musu da kunu. Na gwada da fenti, suka yi duhu. Kwana uku ina wannan, sai mahaifiyata, Dada, ta zo duba mu ta tarar da ni a tsakiyar takardu. Ta ɗauki tsohon littafina ɗaya ta kai kusa da taga. Ta ce ita ba ta ga wata faɗuwar rana ba, wannan kalar ruwan ɓawon albasa ce, irin wanda suke jiƙa zare a ciki suna yara. Ta shiga kicin ta tattaro busasshen ɓawo, ta tafasa, ta tace a tsumma, ta miƙo mini a kofin shayi.

Na shafa wa farar takarda, ta bushe ta nannaɗe. Na koyi manne ta a katako kafin in jiƙa. Shafa ɗaya ya yi kaɗan, uku ya yi yawa. Da na daidaita, sai na sake zana shafuka goma sha ukun daga farko a kan rinanniyar takarda, shafi biyu a rana, Dada na zaune tana ce mini kunnen akuyar ya yi tsawo.

Na kai wa Madam Roda da kaina. Ta jera shafi na goma sha tara da na ashirin a kan tebur, ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Ta ɗaga na ashirin ta shinshina.

"Wannan yana warin miya," in ji ta. "Amma injin ɗab'i ba ya buga wari. Ki bar su."

Littafin ya tafi a ranarsa. A shafin farko, inda ake sadaukarwa, na sa sunan marigayiyar.

Goggo Sannu ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya, abokiyar zamanta, wadda har yanzu in an kunna ta take nemanta. Ta bar wayar haɗi mai naɗe da salatif, da firinta wadda ba su taɓa jituwa ba, da littattafai goma sha huɗu da rabi, da dubban yara waɗanda ba su san da ita ba. Ta kuma bar rabin akuya a cikin kwamfuta, wanda iyalai suka yanke shawarar ba za a goge ba.

Za a ɗauki gawar daga gidanmu a Yelwa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a keke, zuwa shagon Paul, wanda ya nemi izinin cire abin da zai amfani wasu marasa lafiya irinta. Gilashinta zai dawo gida, a kansa zan riƙa dama fenti. Za a karɓi gaisuwa kwana uku, daga bayan azahar. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar sabuwar na'ura, an riga an ji. Wanda yake son taimaka wa iyalai ya zo da ɓawon albasa, ja, busasshe, domin Madam Roda ta aiko da labarin littafi na gaba, shafi arba'in ne.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Sanarwa daga Sa'adiyya Hammawa, a madadin iyalai.